Yadda nake haɗa takardar neman biyan kuɗin kwangilar gini a manhaja, wata bayan wata

Ranar 25 ga kowane wata ba a samuna a ofis. Da na idar da sallar asuba nake ɗaukar tef ɗin awo da littafina da waya cike da caji, in kama hanyar wurin gini. Sana'ata ƙididdigar gini, ni ne wanda ma'aikata ke ce wa "kwantiti", kuma na haura shekara goma ina yi wa 'yan kwangila wannan aiki tsakanin Kaduna da Zariya da Kano. Takardar da zan haɗa daga awon wannan rana ita ce za ta kawo simintin wata mai zuwa, ita ce za ta sallami birkila da kafinta da mai ɗaurin rodi. In ta maƙale a teburin wani, gini ya tsaya, leburori su watse, wani sa'in har damina ta same mu ba mu yi rufi ba.

Matasan da ke shigowa sana'ar nan sukan tambaye ni wace manhaja ce ta fi. Na yi aiki da Excel zalla, na yi da Microsoft Project, na yi da Primavera P6, na kuma ga yadda Procore ke fitar da takardar biya irin ta Amurka, mai bin fom G702 da G703. Kowacce ka samu za ta yi maka, muddin ka ɗora ta a kan ƙa'ida guda: kowace takardar neman biya lissafi ce ta duk aikin da aka yi tun ranar farko har zuwa ranar awo, sannan a cire abin da aka riga aka amince a biya. Ba a lissafa aikin wata guda shi kaɗai a tura. Na san dalilin haka ne ta hanyar da ba na so wani ya bi, zan kuwa ba da labarin in mun zo wurin.

Kafin ka kunna kwamfuta

Ɗauko yarjejeniyar kwangilar ka zauna da ita da biro. Yawancin rigimar biya da na gani, amsarta tana rubuce a shafukan da ba wanda ya karanta tun ranar sa hannu. Abin da kake nema kaɗan ne. Nawa ne jimillar kwangilar, kuma da harajin VAT a ciki ko babu? Kashi nawa aka ba da na kafin alƙalami, kuma ta yaya za a riƙa cire shi? Kashi nawa ne kuɗin riƙo, wanda a ofis muke ce wa ritenshan, kuma yana da iyakar da in ya kai za a daina cirewa? An yarda a biya kayan da aka sauke a wurin aiki amma ba a riga an sa su a gini ba? Akwai sharaɗin duba farashi in kaya sun yi tsada? Sai kwanaki: nawa injiniyan mai aiki, wato wanda ya ba da kwangilar, ke da su ya duba takardarka, nawa mai aiki ke da su ya biya.

In aikin gwamnatin tarayya ne, dokar sayen kaya da ba da kwangila ta 2007 ta ƙayyade kafin alƙalami kada ya wuce kashi 15 cikin 100, daga baya dokar kuɗi ta 2020 ta ɗaga shi zuwa kashi 30 ga 'yan kwangilar cikin gida, kuma ba a ba da shi sai da takardar lamuni. Dokar ta 2007 ta kuma ce biyan da ya wuce kwana 60 bayan an miƙa takardu an tantance su, ya zama biyan da aka jinkirta. In kuma yarjejeniyar ta bi tsarin FIDIC na 1999, wato tsarin yarjejeniyar gini na ƙasa da ƙasa wanda ake kira jan littafi, injiniya yana da kwana 28 daga ranar da ya karɓi takardarka ya fitar da satifiket, wato takardar amincewa a biya ka, mai aiki kuma ya biya cikin kwana 56 daga wannan ranar dai. Amma kada ka dogara da abin da ka haddace. Kusan kowane mai aiki yana da sharuɗɗansa na musamman da ya liƙa a baya, kuma su ne ke da rinjaye.

Waɗannan alƙaluma ka shigar da su a shafin saitin kwangilar, kowanne a gurbinsa, sau ɗaya tak. In Excel ne, ka ware musu shafi na farko, duk lissafin da ke gaba ya riƙa ɗauko su daga can. Kada ka taɓa rubuta 7.5 ko 5 a cikin lissafi da hannunka. VAT kashi 5 ne har zuwa Fabrairun 2020 da ya koma 7.5, kuma na san wahalar da masu rubuta shi layi-layi suka sha a lokacin.

Shigar da bil

Bil, wato takardar ƙididdigar aiki da aka sa wa hannu, ita ce ƙashin bayan komai. Ka shigar da ita yadda take: lambar kowane layi, bayaninsa, ma'auninsa, adadinsa, farashinsa. Kada ka gyara turancinta, kada ka haɗe layi biyu don sun yi kama, kada ka sake musu lamba don ta fi maka kyau. Kwantitin mai aiki da nasa kwafin zai duba takardarka, yatsansa a kan layi. In ya nemi C/14 ya ga ka mai da shi wani abu, ka ƙara wa kanka mako guda na jira. Da ka gama, ka tara duka ka gwada da jimillar da ke cikin yarjejeniya. Sai sun yi daidai har kwabo. In akwai bambancin naira ɗari biyu, nemo ta yau, don bambancin zai bi ka har ranar rufe lissafi. Sannan ka kulle adadi da farashi, ya zama mutum ɗaya ne kawai a kamfanin ke da ikon buɗe su.

Gaban kowane layi ina buɗe gurabe kamar haka: adadin da aka yi zuwa satifiket na baya, adadin da aka yi zuwa yau, bambancinsu, kuɗin aikin zuwa yau, da abin da ya rage. Guda ɗaya kawai nake cikewa da hannu, wato adadin da aka yi zuwa yau. Sauran manhaja ce ke fitarwa. Na kuma sa ta ta yi ja duk inda adadin yau ya zarce na bil, ko ya yi ƙasa da na watan jiya. Duka biyun suna iya zama gaskiya, amma dole in san dalili kafin takarda ta fita.

Kuɗin hidimar wurin aiki, irin su shinge da ofishin wucin gadi da mai gadi da ruwa da janareta da inshora, ka raba su uku tun farko: na kafa wuri da ake biya sau ɗaya, na wata-wata, da na kwashe kaya da share wuri a ƙarshe. Ka kai wa injiniya wannan rabon ya sa hannu tun kafin takardar farko, ka huta da jayayya.

Akwai tarko a manhajojin tsara jadawali da ya kamata ka sani. Microsoft Project da Primavera an gina su ne a kan lokaci. A ce an ware wa ginin bulo kwana 20, yau an ci 15. In ka ce wa manhajar ta sabunta aiki bisa jadawali, za ta rubuta maka kashi 75, ko da bulo ɗari kacal aka jera. Wannan kason na kwanaki ne, ba na kuɗi ba. Primavera tana da nau'in kaso uku, na lokaci da na ma'aikata da kayan aiki da na aikin da ido ya gani, Microsoft Project ma tana da gurbin wannan na ƙarshen, wanda ta sa wa suna Physical % Complete. Shi kaɗai ya halatta ya kusanci takardar biya, shi ma daga awo za a cike shi. Ni dai nakan ba kowane aiki da ke jadawali lambar layin bil ɗin da ya shafe shi, domin in na shigar da awo sau ɗaya, jadawali da lissafin kuɗi su motsa tare.

Ranar awo

Kada ka je kai kaɗai. Kwana uku kafin ranar ka sanar da wakilin mai aiki a rubuce, ku yi awon tare. Awon da aka yi tare aka sa hannu a wurin, ba a sake tayar da shi a ofis.

Wata rana a wani ginin ɗakunan kwanan ɗalibai, na tambayi shugaban magina, dattijo ne da ya girme ni da kusan shekara ashirin, na ce, "Baba, ina muka kai a bulo?" Ya ɗaga kai ya dubi ginin ya ce, "Ai Injiniya, mun ci kashi tamanin, saura ƙiris." Ba ƙarya yake yi ba, abin da idonsa ya nuna masa ke nan, don duk bangon waje ya kai linta. Muka ja tef ɗaki bayan ɗaki, yaronsa na riƙe da bakin tef ɗin, wakilin mai aiki na rubutawa a nasa littafin ina rubutawa a nawa. Tsawo sau tsayi, a cire ƙofa, a cire taga. Bil ta ce murabba'in mita 1,850 na bulo mai inci tara. Abin da muka samu 1,120, kashi 60 da ɗoriya kaɗan. Bangayen ciki na bene na biyu da na banɗakuna ba a ko fara su ba, kuma daga waje ba a ganin haka. Na nuna wa Baba lissafin, ya yi shiru, sannan ya ce, "Tef ya fi ido." Da na rubuta tamanin ɗin nan, da mun karɓi kuɗin bangon da babu shi, watanni biyu masu zuwa kuma magina su yi ta aiki takarda ba ta nuna komai.

Kowane awo ka haɗa shi da hoto mai kwanan wata, ka liƙa a layin bil ɗinsa a cikin manhaja. Abin da za a rufe shi ya fi bukatar wannan: zurfin ramin fandesho, rodin da aka ɗaura kafin a zuba kankare, bututun da za a binne. Waɗannan ba sa jiran ranar 25. Ranar da za a zuba dekin, ka sa a ƙirga rodi a auna tazararsa a ɗauki hoto da tef a kai, wakilin mai aiki ya sa hannu kafin mota ta fara juya kankare. Bayan nan ba mai iya gani sai an fasa. In wurin ba sabis, kamar yadda yake a yawancin ayyukan ƙauye, ka rubuta a littafi, ka ɗauki hoton shafin da aka sa wa hannu, ka shigar da dare. Littafin kada ka yar da shi.

Daga nan sai sito. Ka ƙirga abin da ke ƙasa da idonka: buhun siminti nawa, rodi tan nawa, bandir ɗin kwano nawa, kwalin tayil nawa. Ka gwada da littafin sitoka da rasit. Farashin rasit ake sa musu, ba farashin bil ba, domin na bil ya haɗa da ƙwadago da riba. Simintin da ya sha danshi ya daskare ba ya shiga lissafi.

A nan ne na yi kuskuren da na ambata. A shekaruna na farko ina lissafa aikin kowane wata daban, in tura. A takarda ta biyu na wani aiki na sa rodi tan 12 a matsayin kayan da ke ƙasa, aka biya. Wata na gaba aka ɗaura rodin aka zuba dekin, na sa kuɗin rodin dekin cikakke bisa farashin bil, na manta ban cire na watan jiya ba. Rodi ɗaya, biya biyu. Kwantitin mai aiki ya gano. Bai ɗaga murya ba, ya dai zagaye layin da jan biro ya dawo mini da takardar. Na yi bayani, na gyara, amma daga ranar duk takardar da ta fito daga hannuna sai an bi ta layi-layi kamar ana tsince tsakuwa a shinkafa. Abin da ake gamawa a kwana goma ya koma wata guda. Mai kamfanin ya ci bashi ya biya ma'aikata har sau biyu, kuma mutumin da bai taɓa cin kwabon kowa ba aka fara yi masa kallon mai haɗama saboda ni. Abin ya daɗe yana damuna. Da lissafin jimilla nake yi, da hakan ba ta faru ba, domin kowane wata kayan ƙasa daga sifili ake sake ƙirga su. Rodin da ya shiga dekin ya bar sito, saboda haka ya fita daga layin kayan ƙasa da kansa, kuɗin da aka biya a kansa kuma yana cikin abin da za a cire na baya. Haka duk wani kuskuren awo na watan jiya, awon yau yana gyara shi ba tare da ka bi shi da wata takarda ba.

Lissafin kansa

Bari mu ɗauki misali. A ce kwangilar naira miliyan 240 ce ban da VAT, an ba da kafin alƙalami kashi 15, wato miliyan 36, da sharaɗin a riƙa cire kashi 15 na aikin bil da aka yi har ya ƙare. Riƙo kashi 5. Muna haɗa takarda ta uku.

Aikin bil da aka auna tun farko zuwa yau: 96,000,000
Ƙarin aikin da aka amince da shi a rubuce kuma aka yi: 4,000,000
Kayan da ke ƙasa yau: 6,000,000
Jimilla: 106,000,000
A cire riƙo, kashi 5: 5,300,000
A cire kafin alƙalami zuwa yau, kashi 15 na miliyan 96: 14,400,000
Saura: 86,300,000
A cire satifiket na ɗaya da na biyu: 58,000,000
Abin da ake nema yanzu: 28,300,000

Ka lura riƙo da kafin alƙalami su ma jimillarsu ake cirewa, ba na wannan wata ba. Wasu yarjejeniyoyin ba sa cire riƙo a kan kayan ƙasa, wasu kuma ba sa fara karɓar kafin alƙalami sai aiki ya kai wani mataki. A FIDIC na 1999, in ba a rubuta wani abu daban ba, ana farawa ne bayan abin da aka amince ya wuce kashi 10 na kwangilar, a riƙa cire kashi 25 na kowane satifiket. Shi ya sa na ce ka fara da karatu. Ka kuma sa wa layin kafin alƙalami iyaka a manhaja, ya tsaya cak in ya kai miliyan 36. Na taɓa karɓar lissafin wani aiki daga hannun wanda ya riga ni, na tarar an ci gaba da cirewa wata biyu bayan bashin ya ƙare.

Sai haraji. VAT kashi 7.5 na 28,300,000 ya kama 2,122,500, ana ɗora shi a sama. Harajin da ake cirewa daga tushe kuma ana zare shi ne daga kuɗinka. Ƙa'idojin 2024 da suka fara aiki a Janairun 2025 sun sa kashi 2 ga kamfanin cikin gida a aikin gina hanya da gada da gini da tashar lantarki, kafin nan kashi 2.5 ne. A misalinmu 566,000 ke nan. Ma'aikatun gwamnati su ke riƙe VAT ɗin su kai wa hukumar haraji da kansu, saboda haka abin da zai faɗo asusun kamfani 27,734,000 ne. Ka gaya wa mai kamfani wannan adadin tun ranar da ka tura takarda, don kada ya yi alƙawarin miliyan 30 a kasuwar rodi. Kuma duk sabuwar kwangila ka zauna da akanta ku tabbatar da kason harajin da ke aiki a lokacin. Takardar shaidar harajin da aka cire ma ka bi ta ka karɓa ka liƙa a satifiket ɗinta, domin kuɗi ce, da ita za a rage wa kamfani harajin ƙarshen shekara.

Yanzu ga abin da na fi so ka riƙe bayan ƙa'idar jimilla. Kowace takarda tana da adadi uku: abin da ka nema, abin da injiniya ya amince, da abin da ya shigo banki. Gurbi uku daban, kowanne da kwanan watansa. Kada ka goge na farko ka rubuta na biyu a kansa. Ka nemi 28,300,000, injiniya ya yanke ya ba da 26,900,000, to ka shigar da yankan layi-layi, ka rubuta dalilin kowanne: wannan ya ce filastar ba ta yi ba sai an sake, wancan ya ce awo bai kai ba. Na farko zai dawo da kansa in an gyara, na biyu kuwa sai ka koma da tef. Kuma abin da za ka cire a takarda ta huɗu a matsayin na baya shi ne abin da aka amince, ba abin da ka nema ba, ba kuma abin da aka biya ba. In satifiket na uku bai shigo banki ba, bashi ne da kake bi daban, da wasiƙarsa daban. In ka cusa shi cikin sabuwar takarda, ranar da aka biya duka biyun ka karɓi kuɗi sau biyu.

Da satifiket ya fito, ka kulle wannan watan a manhaja, ka fitar da shi a PDF, ka buga kwafi ka sa a fayil tare da takardun awo. Ko ka gano kuskure gobe, kada ka buɗe. Gyara a takarda ta gaba yake shiga. Ranar da odita zai zo, abin da ke kwamfutarka dole ya zama shi ne abin da ke fayil ɗin ma'aikata.

Kwanan watan miƙa takarda ma ka ba shi muhimmanci. Ka kai kwafi biyu, a buga maka hatimin karɓa a ɗaya, ka ɗauki hotonsa ka liƙa. Daga wannan ranar manhaja za ta fara ƙirga kwanakin yarjejeniya ta tuna maka. Na san da yawa daga cikin iyayen gidanmu ba sa karɓar kuɗin ruwan da yarjejeniya ta tanada a kan jinkirin biya, saboda gudun riba, kuma ina girmama wannan. Duk da haka ka rubuta kwanakin. Ranar da za a ce kamfani ya makara a ci shi tara, wannan jerin ne zai nuna wanda ya fara makara.

Ƙarin aiki shi ne inda 'yan kwangilarmu suka fi asara, kuma kunya ce ke jawo ta. Mai aiki ya zo zagaye ya ce wa mai kamfanin, "Alhaji, a ƙara mana shago biyu a nan gaba, a mai da tagogin nan na alminiyom." Alhaji ya ce, "An gama, ranka ya daɗe." Ba takarda. Bayan wata takwas an canza shugaban wurin, sabon ya ce bai san zancen ba. Abin da nake yi shi ne, a ranar nake buɗe wa maganar layi a rajistar ƙarin aiki cikin manhaja, da lambarta, da wanda ya faɗa, da hoton wurin kafin a taɓa. Washegari wasiƙa ta tafi cikin ladabi: muna tabbatar da umarnin da aka ba mu jiya, ga ƙiyasin kuɗinsa. A FIDIC na 1999, in ka tabbatar da umarnin baki na injiniya a rubuce cikin kwana biyu na aiki, shi kuma bai musa ba cikin kwana biyu, ya zama umarni rubutacce. Neman ƙarin kuɗi ko ƙarin lokaci kuma yana da wa'adin sanarwa na kwana 28, in ya wuce haƙƙin ya faɗi. Saƙon WhatsApp yana taimakawa a matsayin shaida, amma bai kai wasiƙa mai hatimi ba. A rajistar kowane layi yana da matsayi: an faɗa, an rubuta, an amince da farashi, an yi. Wanda aka amince da shi kawai ke hawa takardar biya, kuma a sashensa daban, ba a cusa shi cikin layukan bil na asali.

Tsadar kaya ma haka. Wanda ya riƙe kwangila daga tsakiyar 2023, bayan cire tallafin mai da sakin naira, zuwa farkon 2024 da buhun siminti ya haura naira dubu goma a wurare da yawa, ya san abin da nake nufi. In yarjejeniyarka ta yarda a duba farashi, ka ware masa layi, ka adana rasit na kowace sayayya da kwanan wata, da farashin da aka gina bil a kansa. In ba ta yarda ba, kada ka ɓoye tsadar cikin awo ta hanyar ƙara adadi. Ka rubuta wa mai aiki a fili ka nemi a zauna.

Ƙananan 'yan kwangilar da ke ƙarƙashinka, mai wayarin da mai famfo da mai alminiyom da mai silin, ka buɗe wa kowannensu irin wannan shafin, da lambobin bil iri ɗaya da naka. Awon ranar 25 shi zai yi musu hukunci su ma. Ta haka za ka ga nan take in ka biya mai tayil murabba'in mita 600 alhali mai aiki ya amince da 450 kawai. Su kuma ka ba su kwafin lissafinsu su gani, haƙƙinsu ne su san abin da aka riƙe musu da ranar da za a sake shi.

Kuɗin riƙo a misalinmu zai kai miliyan 12 in an gama, ban da na ƙarin aiki, kuma sau da yawa ribar aikin gaba ɗaya ba ta fi haka da yawa ba. A bisa al'ada ana sakin rabi ranar da aka karɓi gini, rabi kuma bayan wa'adin gyaran lahani, wata shida ko shekara guda, gwargwadon abin da aka rubuta. Rabin farko ba a mantawa da shi, don kowa na nan. Na biyun ne ke salwanta: an kwashe ma'aikata zuwa wani aiki, kwantitin ya koma wani gari, fayil ya shige ƙasan kabad. Ranar da aka ba ku takardar karɓar gini, kafin ka tashi daga kujera, ka shigar da kwanan watanta, ka sa manhaja ta tuna wa mutum biyu, kai da akanta, wata guda kafin wa'adin ya cika. A cikin wannan watan za ka je da mai fenti da mai famfo ku zagaya ginin tare da wakilin mai aiki, a liƙe inda ya tsage, a canza famfon da ke ɗiga, ya sa hannu cewa ba sauran gyara. Takardar lamunin kafin alƙalami ma, da bashin ya ƙare ka nemi a dawo da ita ka mayar wa banki, domin muddin tana waje, kadarar da Alhaji ya ajiye jingina tana ɗaure a can.